Jan-Takalmi, Wanda Ya Ba da Hancinsa Don Namu Ya Huta

Kafin masu shaguna su ɗaga ƙofofinsu, shi ya riga ya zauna a dokin ƙofar ɗakinsa yana cusa ƙafa cikin takalman roba. Baƙaƙe ne ranar da aka ba shi su a wurin aiki, amma ruwan maganin da yake ɗurawa ya rine su, suka koma launin tsatsa, har suka cinye sunan mai su. Daga shugabanninsa har masu gadin ƙofa, kowa Jan-Takalmi yake kiransa. An sake masa takalma sau da yawa, ba a taɓa samun wanda ya yi wata guda yana baƙi ba.

Idan ya miƙe, sai ya je ya tsaya gaban matarsa ya buɗe hannuwa kamar mai jiran tela ya auna shi. Ita kuma ta matso ta sansana kafaɗar rigar.

"Ta wanku?"

"Ta wanku, Malam. Amma hular nan ka bar mini ita, ta fara ba da labari."

Daga nan sai ta ɗauko wani ɗan ƙyalle a naɗe ta sa masa a aljihu. A ciki akwai ɗan kunnenta guda ɗaya na azurfa, wanda ɗayan ya ɓata tun suna sababbin aure. Ta goge shi da toka ya yi fes. Zan zo kan maganarsa, domin kusan shi ne dalilin wannan rubutu.

Aikin Jan-Takalmi yana ƙarƙashin ƙafafunmu. Ni dai na kai shekarun da gemu ya fara furfura ina zaton ruwan da ya bar bayan gidana ya gama da ni, ni ma na gama da shi. Ashe tafiya ce doguwa a gabansa, cikin manyan bututun siminti da ke bin ƙarƙashin tituna har zuwa inda ake tace shi. Idan ruwan ya daɗe a hanya, iska ta ƙare masa, sai ya ruɓe ya fara fitar da wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Warin shi ne abin da mu muke sani. Abin da ba mu sani ba, iskar nan tana lafewa a rufin bututun ta ciki, inda ke da danshi, ta rikiɗe ta zama ɗan'uwan ruwan batir, ta dinga cin siminti a hankali har ranar da titi zai buɗe baki.

Shi ne mai hana wannan faruwa. Yana da wani ɗaki kusa da gidan famfon da ke turo ruwan, ɗaki mai ƙofar ƙarfe da taga ɗaya. A ciki akwai tanki cike da wani jan ruwa mai ƙarfe a jikinsa, wanda ke kama iskar nan tun tana cikin ruwa ya ɗaure ta. Wani ɗan inji ne ke ɗiga shi cikin bututu, ɗis, ɗis, ɗis. Jan-Takalmi yakan sa safar hannu da gilashin ido, ya duba tiyo ko ya tsage, ya kara kunne a jikin injin, sannan ya leƙa waje ya dubi sama. Idan ranar za ta yi zafi, ya ƙara ɗigon kaɗan, domin ƙazanta ta fi saurin ruɓewa a zafi. Idan an sha ruwan sama, ya rage. Daga nan ya hau babur da ƙugiyar ɗaga murfi a baya, ya shiga zagayen hanjin gari.

Hancinsa kuwa ya daɗe da ajiye aiki. Shekarun da ya yi yana leƙa ramuka ne suka tafi da shi a hankali, har ya wayi gari ba ya bambance sabulu da kifi. Bai taɓa ɓoyewa ba. Yakan ce shi ne kaɗai ma'aikacin da hancinsa ya riga shi yin ritaya, kuma ba a biya shi komai ba. Yana da na'urar da ke rataye a ƙirjinsa, mai yin ƙara idan iskar ta yi yawa, kuma ba ya buɗe murfi sai da ita. Sai dai na'urar tana faɗin abin da ke nan ne a lokacin da kake tsaye, ba ta san abin da ya wuce bayan ka juya baya ba. A nan ɗan kunnen ya shigo. Wata rana matarsa ta lura zobenta na azurfa yana baƙi duk lokacin da ta wanke kayan aikinsa. Azurfa ba ta shiri da iskar nan. Tun daga ranar, idan yana zargin wani rami, sai ya ɗaure ɗan kunnen da zare a ƙarƙashin murfi ya bar shi ya kwana. Idan ya fito fari, lafiya. Idan ya fito baƙi, akwai magana.

Mu mutanen layinmu mun san shi ne ta dalilin Mai Turare.

Mai Turare yana da shagon da ya gada daga mahaifinsa, ƙaramin wuri mai madubai da kwalabe jere har rufi. A gaban shagon akwai benci, inda mu marasa abin yi da la'asar muke zama muna gyara duniya da baki. A gaban bencin kuma, taku kaɗan, akwai murfin ƙarfe na ramin duba bututu, mai 'yan ƙananan huji a jikinsa. Ya yi shekaru a wurin babu wanda ya kula da shi. Sai a wata bazara ya fara numfashi.

Ku yi tunanin mutumin da sana'arsa gaba ɗaya a kan hanci take. Mace za ta shigo, ya ɗiga mata turare a bayan hannu, ta kai hanci, sai ta ɗago ta dube shi kamar ya zage ta.

"Wannan na ƙwai ne?"

"Hajiya, wallahi ba daga kwalbar ba ne."

"To ka ajiye abinka, na gode."

Masu saye suka ɗauke ƙafa. Mu ma 'yan benci muka ragu, sai irina da ba su da wani bencin. Gudummawata a lokacin ita ce toshe hanci da hannu ɗaya, ina bayani da ɗayan a kan yadda ƙasashen da suka ci gaba suke yi. Ba na jin bayanin ya rage warin.

Da abin ya ishi Mai Turare, sai ya yi abin da duk mai shago zai yi tunani. Ya samo siminti, ya kwaɓa, ya liƙe hujojin murfin da gefensa duka, ya shafe shi sumul, ya kawo tukunyar fulawa ya ɗora a kai. Kwana biyu muka sha iska. Muka yi ta yaba masa, har wani ya ce da shi aka ba hukumar gari da tuni an huta.

Daga nan warin ya shiga gidaje. Da ya rasa ƙofar titi, sai ya bi ƙananan bututu ya dinga fitowa ta makwararar banɗaki da wurin wanke-wanke. Shagon Mai Turare ma yana da ɗan wurin wanke hannu a baya, ta nan ya shigo masa, wannan karon har cikin kwalabe. Mutumin ya sallama. Ya fara neman kwalaye yana naɗe kwalabe da takarda. Ya ce zai rufe shagon ya koma yawo da jaka a kafaɗa, tun da gadon mahaifinsa ya ƙare a bakin masai.

Ranar da Jan-Takalmi ya iso, ya kashe babur ya tsaya yana kallon tukunyar fulawar.

"Sannunku da hutawa. Wane ne mai wannan lambun?"

"Ni ne," in ji Mai Turare daga bakin ƙofa, hannunsa riƙe da kwali. "In tara za ku ci ni, ku yi sauri, na kusa tashi."

"Ba tara na zo ci ba, ɗan'uwa. Aikin ya yi kyau, magini ma sai haka. Sai dai ka toshe wa mara lafiya hanci ne don kada ka ji warin bakinsa."

Ya sa muka ja baya. Ya fasa simintin da guduma, ya ɗaga murfin da ƙugiya, na'urar ƙirjinsa ta hau ihu. Mu duka muka watse kamar an jefa dutse cikin kaji, ni da tumbina har na riga matasa. Shi kuwa ya koma gefen da iska ke busowa ya jira abin ya lafa. Da na'urar ta yi shiru, ya zura wani dogon ƙarfe ya kankari rufin bututun ta ciki, ya fito da shi ya nuna wa Mai Turare. Abin da ke bakin ƙarfen fari ne, laushi, kamar jiƙaƙƙen alli.

"Ka san mene ne wannan?"

"A'a."

"Siminti ne. Shi ke riƙe da titin da bencinku yake kai."

Muka dubi bencin. Wani ya ja shi baya a hankali.

"To ai ka ga ma gara na tashi," in ji Mai Turare.

Jan-Takalmi ya zaro ƙyallen daga aljihu, ya buɗe, ya nuna masa ɗan kunnen yana ƙyalli. Ya yi masa bayanin yadda azurfa ke baƙi, ya ɗaure shi a ƙarƙashin murfin, ya mayar ya rufe.

"Abu ɗaya nake roƙo. Ci gaba da naɗe kwalabenka, ban hana ka ba. Amma kada ka kira mota sai ni na ce maka na gaza."

"Kai da ka ce ba ka jin wari, ta yaya za ka san ka gyara?"

"Ina da masu ji mini. Ga ɗaya a cikin rami, ɗayar tana gida."

Washegari ɗan kunnen ya fito baƙi ƙirin kamar gawayi. Ya kai gida aka goge, ya ƙara ɗigon jan ruwan, ya dawo ya rataye. Ya sake fitowa baƙi. Ya ƙara. Baƙi dai. Mai Turare ya daina fitowa kallo, sai dai mu ji ƙarar salatif daga cikin shago yana liƙe kwali. Madubai suka fara bayyana tsirara, layi bayan layi. Matar Jan-Takalmi ta gaya mana daga baya cewa a kwanakin nan ko abinci ba ya gamawa, sai ya zauna yana jujjuya ɗan kunnen a tafin hannu. Ta ce masa, "Malam, in ka cinye mini shi da guga, da me za a tuna na taɓa yin kwalliya?"

Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, duk lokacin da ya buɗe ramin da safe, na'urarsa ba ta nuna wani abin tashin hankali ba, amma azurfa ta ce an yi ɓarna. Ke nan iskar tana zuwa ne a wani lokaci ta wuce. Sai ya ɗauko kujera ya zauna kusa da murfin yini guda, a rana, na'urar a kan cinyarsa. Muka yi ta tsokanarsa.

"Jan-Takalmi, ko ka shiga majalisarmu ne?"

"Ina gwadawa. Ashe zaman banza ma aiki ne, sannunku da ƙoƙari."

Can bayan azahar aka ji wani gurnani a ƙarƙashin ƙasa, kamar cikin mai yunwa, na'urar ta fashe da ihu. Bayan ɗan lokaci ta yi shiru. Ya miƙe ya naɗe kujerarsa, ya hau babur ya bi bututun baya baya, murfi bayan murfi, har ya kai wata sabuwar unguwa da aka haɗa da layinmu a farkon shekarar. Can akwai rijiyar tara ruwa da famfonta. Gidajen ba su cika da mutane ba tukuna, don haka rijiyar takan daɗe kafin ta cika. Ruwan ya zauna ya ruɓe son ransa, sannan famfo ya tashi ya turo shi gaba ɗaya. Maganinsa yana ɗiga daidai wa daida dare da rana, ita kuwa cutar a dunƙule take zuwa, kuma ta wata hanyar da ba ta bi ta ɗakinsa ba.

Ya kai maganar gaban injiniyar da ke shugabantar sashensu, wata mata mai ƙaramar murya wadda ba ta son dogon zance. Ta saurare shi, ta sa takalman roba ta bi shi har rijiyar. Ta sa aka gyara famfon ya dinga tashi akai-akai kada ruwa ya kwana, aka kai ƙaramin tankin jan ruwa can, aka haɗa ɗigonsa da tashin famfon. Ita ce kuma ta ƙara da nata, wani farin ruwa mai kauri kamar madara, wanda ke kashe kaifin abin da ke cin siminti. Ta kuma sa layinmu cikin jerin waɗanda za a yi wa rufin bututu sabon shafe. Ta dubi ɗan kunnen ta ce, "Baba, wannan na'urar taka ba ta cin batir?" Ya ce, "Toka take ci, ranki ya daɗe."

Gyaran bai kama nan take ba. Ɗan kunnen ya fito ruwan toka, sannan ruwan ƙasa-ƙasa. Mai Turare kuwa haƙurinsa ya ƙare. Ya zo ya samu Jan-Takalmi a bakin rami ya ce, "Yaya, ka yi iya yinka, Allah ya gani. Na yi magana da mai mota, gobe da hantsi zai zo." Ranar ce ya fara kiransa Yaya.

"Ban ce na gaza ba."

"Ni na gaza."

Da hantsi motar ta zo ta tsaya, direba ya sauke ƙofar baya. Sai ga babur ya shawo kwana, Jan-Takalmi a gaba, matarsa a baya ta riƙe mayafi da hannu ɗaya. Ba mu taɓa ganinta ba sai ranar. Ta sauka ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya. Shi ya ɗaga murfin, na'urar ba ta ce uffan ba. Ya jawo zaren a hankali. Ɗan kunnen ya fito yana juyawa a rana, fari kamar yadda ya shiga.

Mai Turare ya karɓa ya jujjuya. "Ƙarfe ne fa, Yaya. Masu sayen kayana ba ƙarfe ba ne."

"Shi ya sa na zo da babbar na'ura. Bismillah, maman yara."

Ta matsa bakin ramin da ke buɗe, ta ja numfashi. Ta taka zuwa ƙofar shagon ta sake ja. Ta shiga har wurin wanke hannu na baya, ta fito. Layin ya yi tsit, har direban ya kashe waƙarsa.

"A ramin akwai ɗan warin ruwa, irin na kwata bayan an yi ruwan sama. In an rufe ba za a ji ba. A shagon ina jin miski, ina jin wani mai kamar lemon tsami, yana cikin kwalin can na ƙasa, ina jin ya tsiyaye." Ta ɗan juyo wajen benci. "Sannan akwai wani bawan Allah a nan da ya kamata ya sake safa."

Ba ta kalli kowa ba. Ni dai na mayar da ƙafafuna ƙarƙashin benci, saboda ladabi.

Mai Turare ya buɗe kwalin ƙasan, ya tarar da kwalba ɗaya ta fashe a wuya. Ya tsaya riƙe da ita. Sannan ya fita ya ba direban haƙuri da kuɗin mai, ya dawo ya fara yanke salatif. Mu 'yan benci muka taya shi jera kwalabe, aikin farko da aka taɓa ganin majalisarmu ta yi da hannu.

Jan-Takalmi, kai ne likitan hanjin gari. Aikinka irin wanda in ya yi kyau ba a ganin komai, ba a jin komai, ba wanda zai tsaya ya tambayi wa ya yi. Mai gina gada yana da gadar da zai nuna wa jikokinsa. Kai abin da za ka nuna shi ne titin da bai rufta ba, da matar da ta shanya wanki a tsakar gida ba ta yamutsa fuska ba, da shagon turaren da har yau yake buɗe. Mun san ba layinmu kaɗai ba ne. Mai gadin asibitin yara ya ce kai ka raba su da warin da ya hana su buɗe taga. Masu ɗinki na bayan kasuwa sun ce haka. Ba ka taɓa tsayawa a yi maka godiya ba, kullum akwai wani murfin a gaba.

A watan jiya ya ajiye aiki. Yanzu ma'aikatarsu ta sayo na'urorin da ake barinsu cikin rami su kwana suna auna iska, don haka ɗan kunnen ma ya yi ritaya tare da shi. Muka haɗa ɗan zama a gaban shagon, da shayi da kujerun aro. Injiniyar ta zo. Mai Turare ya miƙa masa wata kwalba da ya haɗa da hannunsa. Jan-Takalmi ya buɗe, ya kai hanci, ya ja dogon numfashi, ya lumshe ido.

"Kai, madalla. Ruwa ne ko?"

Aka fashe da dariya. Ya miƙa wa matarsa, ta sansana, ta ce, "Malam, wannan ya fi ƙarfinka, ni zan riƙe maka."

"Na san haka za a yi," in ji Mai Turare. "Shi ya sa kwalbar taka ce, Yaya, wannan kuma na Yaya babba ne." Ya zaro wani ɗan akwati ya miƙa wa matar. Ashe ya ari tsohon ɗan kunnen da sunan zai nuna wa wani, ya kai wa maƙerin azurfa ya ƙera masa ɗan'uwa. Ga su nan biyu kwance a kan auduga, sabon da kaurinsa, tsohon ya siraince saboda shekarun guga.

Matar ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta juya baya ta gyara mayafi, ta sa su.

Mun gode, Jan-Takalmi. Allah ya saka da alheri, ya ba ka hutu mai daɗi da lafiyar da za ka ci shi, ya saka wa wadda ta ara maka hanci da ɗan kunne duk tsawon shekarun nan. Mu kuma da muka rage a sama, in mun ga murfi yana numfashi, mu kira masu aikin, kada mu kwaɓa siminti. In mun ga mutum da ƙugiya da takalman roba a tsakiyar titi, mu rage gudu, mu ce masa sannu da aiki. Masu tasowa a wannan sana'a kuma su koyi zaman kujerar nan tasa a rana, har sai rami ya faɗi abin da ke damunsa.

Jiya da la'asar na ga su biyun sun wuce ta gaban shagon a ƙafa. Yana sanye da takalmin fata baƙi, yana ɗan ɗingishi kamar wanda bai saba ba. Da suka zo daidai murfin sai ya rage tafiya, ya dube ta. Ta ja numfashi, ta girgiza kai, 'yan kunnen suka yi ƙyalli.

"Babu komai, Malam. Mu je."